Dorina a hamadar Nafud

Duk taswirar da na gani ta fitar ɗan Adam daga Afirka ta hanyar kudu iri ɗaya ce: kibiya guda ta tsallake mashigin Babul Mandab da ke tsakanin Afirka da Yaman, ta bi gaɓar Yaman da Indiya har Ostiraliya, sai ka ce titin kwalta. Wai mutanen suna tafe a bakin teku, suna cin abin da ruwa ya ba su. Ni dai wannan kibiya ba ta kwanta mini ba.

Ku duba inda aka tono shaidun. A 2011 masanin binciken kayan tarihi Jeffrey Rose da abokan aikinsa suka bayyana makaman dutse da suka samu a Dhofar ta ƙasar Oman, masu shekara kusan 106,000. Sassaƙarsu irin ta Nubiya ce, wadda aka sani a kwarin kogin Nilu, can Sudan da Masar. Sassaƙa kuwa gado ce, hannu ke koya wa hannu. To amma a cikin tudu aka same su, gefen ƙoramun da suka ƙafe, nesa da teku. Na Jabal Faya a Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, masu shekara wajen 125,000, su ma a gindin dutse suke.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne Al Wusta. A 2018 aka sanar da ƙashin yatsa ɗaya tak na mutum irinmu, mai shekara wajen 85,000, a tsakiyar hamadar Nafud ta Saudiyya. Wurin tsohon tafki ne, har ƙasusuwan dorina aka tono. Dorina fa, a Nafud! Ke nan ƙasar Larabawa ta taɓa yin kore shar, mutane suka bi ruwan sha da namun daji kamar yadda makiyayi ke bin damina.

Masu ra'ayin gaɓa suna da uzurinsu, ba zan hana su ba. A zamanin ƙanƙara teku ta ja baya, wani lokaci da mita 120, saboda haka sansanonin bakin ruwa yanzu suna ƙarƙashinta. Sai dai hujjar da ta nutse ba ta isa a kafa labari a kanta ba.

Akwai kuma ƙulli ɗaya. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna mafi yawan mutanen wajen Afirka sun fito ne daga ƙaurar da aka yi shekara 50,000 zuwa 60,000 da suka wuce. Mai yatsan Al Wusta ya riga su da dubban shekaru, kuma da alama zuri'arsa ba ta ɗore ba bayan tafkin ya ƙafe.