Mogao: da hannu aka sassaƙa su

Idan aka ce "kogon Mogao", mutane da yawa sai su ɗauka ramuka ne da iska da ruwa suka ɓula a jikin dutse, 'yan addinin Buddha suka tarar suka shiga. Ba haka abin yake ba. Mutane ne suka haƙa su ɗaya bayan ɗaya a jikin wani tsauni, kimanin kilomita 25 daga Dunhuang, garin dausayi da ke lardin Gansu a ƙasar Sin.

An ce wani mai ibada, Yuezun, ne ya fara a shekarar 366. Aikin ya ci kusan shekara dubu, sarakuna da fatake masu bin Hanyar Siliki, tsohuwar hanyar fatauci tsakanin Sin da ƙasashen yamma, suna biyan kuɗin sassaƙa don neman lada. Ɗakuna 492 ne ke da zane da gumaka. Dutsen mai rugurguzuwa ne, shi ya sa gumakan da laka aka gina su.

A 1900 wani mai ibada da ke kula da wurin, Wang Yuanlu, ya gano wani ɗaki a toshe, cike da dubban rubuce-rubuce. Daga ciki har da wani littafin addinin Buddha da aka buga a 868, wanda yanzu yake Landan.