An koya mana rubuta fish, ba a koya mana sauraren yaro ba

Wani ƙanena da ke karatu a waje ya tambaye ni ko horon da ake ba masu ba yara shawara a firamare yana wadatarwa a nan Nijar. Sai da na yi dariya. Shekara 13 ina riƙe da alli, daga cikin garin Maraɗi har ƙauyukan Gidan Rumji, ban taɓa shiga lakwal ɗin gwamnati na tarar da ma'aikacin da aikinsa ke nan ba. Muna da konseye, gaskiya ne, amma konseye pedagojik, mai ba da shawara kan koyarwa, na malami ne. Zai zo a kan babur, ya zauna a bayan aji, ya duba fish ɗinka, wato takardar shirin darasi, ya ce ka ja lokaci wajen shimfiɗar darasi, ya sa hannu ya tafi. Yaron da ya kwana da yunwa ba ya cikin takardarsa.

To wa ke ba yaro shawara? Mushe da madam mana, wato mu malamai maza da mata. Mu ne alƙalai, mu ne likitoci, mu ne masu share hawaye, kuma babu ɗaya cikin waɗannan da aka horar da mu a kai. A ekol normal, makarantar horon malamai, mun yi darasin sanin halayyar yara. Mun haddace matakan girman hankali na Piyaje, masanin halayyar yara, mun zuba su a takardar jarrabawa, mun ci maki. Amma yadda za ka durƙusa gaban ɗan shekara bakwai ka sa ya buɗe baki, wannan ba a gwada mana ko sau ɗaya ba.

A 2019, lokacin da mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fara kwararowa yankin Gidan Rumji saboda 'yan bindiga, an kawo mini wani yaro a ajin CP, aji biyu na firamare. Shiru-shiru ne, rubutunsa tsaf. Sai dai duk sanda ɗan kabu-kabu ya wuce bayan aji, sai ya sulale ƙarƙashin tebur. Yara su yi ta dariya, ni kuma na ɗauka iskanci ne. Sau biyu ina sa shi durƙuso a rana. Ran nan kakarsa ta zo ɗaukarsa, na kai mata ƙara. Ta dube ni ta ce, "Malam, a kan babura suka shigo garinmu, kuma a gabansa aka yi." Ba ta ƙara komai ba, ta kama hannunsa suka tafi. Har yau in na tuna durƙuson nan sai in ji kunya ta rufe ni. Da wani ya taɓa gaya mini cewa firgici yana fitowa da kamar rashin ji, da ban yi ba.

Mutanen Maraɗi ba su manta watan Nuwamba na 2021 ba, ranar da wuta ta cinye azuzuwan zana, yara sama da 20 suka rasu. An yi maganar gini, an yi maganar hana rumfunan zana ga ƙanana, kuma daidai ne. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne malaman da suka koma aji bayan zaman makoki, suka tsaya gaban yaran da suka tsira. Da wane ilimi za su fara?

Ga kuma 'yan mata. A ƙasar nan kusan uku cikin huɗu ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jiharmu tana sahun gaba. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya mai karatu. Madalla. Amma wadda za ta fara lura cewa 'yar CM2, ajin ƙarshe na firamare, ta daina ɗaga hannu, ta fara fashi ranar kasuwa, madam ce. In ta lura, ta ce me? Ta je wurin uba ko wurin uwa? Ta fara da mai gari ko da darakta? In ta yi gaggawa, a ce madam na raba 'ya da iyayenta. In ta yi shiru, sai ta ji guɗa.

Na san abin da wasu za su ce: malamin da albashinsa na kwantiragi ke makara, ga yara 80 a aji, shi za a ƙara wa kaya? Kayan nan ai tuni yana kansa, gammo ne babu. Ba na neman a buɗe ofis a kowace lakwal, don na san aljihunmu. A ekol normal a rage hadda, a sa ɗalibai su gwada zama da yaro, wani ya zama uba mai fushi, wani ya zama malami. A taron CAPED na ƙara wa juna sani tsakanin malamai, inda muke shafe yini kan yadda ake koyar da rabawa, a ware ko awa biyu, a gayyato ma'aikacin jinya ko na ofishin kare yara ya faɗa mana alamun da za mu kula da su, da ƙofar da za mu ƙwanƙwasa in abu ya fi ƙarfinmu. Iyaye mata na ƙungiyar AME ma a zauna da su, sun fi mu sanin abin da ke faruwa bayan katanga.

Yaron nan mai tsoron babur dai na mayar da shi benci na gaba, kusa da teburina, nesa da taga. In na ji ƙarar babur, sai in dafa kafaɗarsa in ci gaba da darasi. Dabarar kakarsa ce, ita ta ce haka take yi masa da dare.