Kaskon Ruwa a Gindin Dogon Yaro

Yau sati uku ke nan da na ajiye wani tsohon kasko a gindin dogon yaron da ke tsakar gidanmu a nan Birnin Kebbi. Bakinsa ya ɗan gutsure, uwargida har ta fitar da shi za a yar. Na ɗora shi kan bulo biyu, na sa dutse a tsakiya saboda ƙananan tsuntsaye su samu wurin sauka. Kullum idan na dawo daga sallar asuba sai in wanke shi in zuba ruwa. Ruwan bai cika buta guda ba.

Wanda ya san bazarar Kebbi ba sai an yi masa bayani ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kududdufai sun ƙafe, ko ruwan da aka watsa a tsakar gida kafin ka juya ƙasa ta shanye. Mu muna da randa da fanka, tsuntsu kuwa ko gumi ba ya yi. Shi ya sa da azahar za ka ga kurciya a kan katanga, baki buɗe, maƙogwaro na kaɗawa, fukafukai a sake. Ta haka take rage zafin jikinta, kuma ruwan jikinta ne ke tafiya. Ganin wannan ne ya sa na ɗauko kaskon.

Kwana biyun farko ba wanda ya zo sai ƙudan zuma. A rana ta uku kurciya ta sauka, ta daɗe tana kewaya kaskon tana leƙe kafin ta yarda. A nan na lura da abin da na shekara arba'in ban lura da shi ba: kurciya ba ta shan ruwa irin na kaza. Kaza takan ɗiba ta ɗaga kai sama, ita kuwa kurciya tsoma baki take yi ta zuƙa har sai ta ƙoshi. Hazbiya ma haka, tattabara ma haka. Bayanta sai baiwar Allah, su biyu kullum, namijin ja wur, macen ruwan ƙasa da ɗan ja a gindin wutsiya. Su ne suka fi kowa sakin jiki, har kusa da tabarmata suke zuwa tsintar tsaki. Shaya kuwa ba sha ne ya dame ta ba, wanka take so. Ta faɗa cikin kaskon ta yi facal-facal, gashinta na ƙyalli kamar shuɗin da ya sha bugu, ta bar mini rabin ruwan a ƙasa. Wannan ruwan da ya zube shi jan gwada ke jira. Ya sauko daga katanga yana gyaɗa kai, ya lashi rabonsa. Hausawa suka ce ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. To na bakin kasko ba ya ɓata wa kowa komai. Wani dare ma da na fito da tocila sai ga bushiya a wurin, ta dunƙule tana jin motsina. Ban taɓa sanin akwai ta a unguwarmu ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne maganar da wani abokina ya yi mini ranar Juma'a. Manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Da ya ga kaskon sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, kai kana nan kana shayar da su, mu muna can suna cinye mu." Ban yi masa dariya ba, domin na san abin da yake nufi. Jan baki ba abin wasa ba ne. Duk wanda ya taɓa ganinsu sun taso daga fadama kamar hayaƙi, sun rufe gona lokacin da shinkafa ke nono, ya san mutum zai iya asarar wahalar wata huɗu a 'yan kwanaki. Yara kan wuni a gona tun hudowar rana suna kaɗa gwangwani suna ihu, wasu har makaranta suke bari. Masana na cewa babu tsuntsun daji da ya kai jan baki yawa a duniya. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Birnin Kebbi a 2015, noman rani ya ƙaru, gonaki sun faɗaɗa, su ma tsuntsayen abinci ya samu. Har jirgin sama gwamnati kan turo ya yi musu feshi a makwancinsu.

Amma na gaya masa, kuma ina nan a kan bakana: laifin jan baki bai kamata ya shafi duk mai fukafuki ba. Jan baki a gulbi yake sha, dubbai a lokaci guda, bai san da zaman kaskona ba. Kuma a cikin tsuntsayen nan akwai waɗanda aikin manomi suke yi ba a biyan su. Balbela na bin shanu da garma tana tsince ƙwari. Shamuwa fara take ci. Mujiya, wadda muke jifa muna cewa mugun abu ce, ɓeraye take kamawa dare duka, ɓerayen da ke huda buhun shinkafar da aka sha wahala aka kai rumbu. Idan muka ɗauki kowane tsuntsu abokin gaba, wa muka cuta?

Ni ma na yi harbin tsuntsu da danƙo ina yaro, na kuma kafa asuta. Akwai ranar da na kamo marai na ɗaure masa zare a ƙafa, ina sakinsa ya tashi in fizgo shi. Kakata ta fito daga ɗaki ta tsaya a kaina ta ce, "Kai wanga yaro, mi tsuntsun ga yay yi maka? Ci za ka yi?" Na ce a'a. Ta ce to in kwance shi yanzu. Na kwance, amma ƙafar ta riga ta karye. Har yau idan damina ta faɗi na ga namijin marai ya sake riga, ya koma rawaya da baƙin kai, yana reto a jikin sheƙar da ya saƙa yana kiran mace ta zo ta duba, wancan nake tunawa. Ba na ganin laifin wanda ya kama fakara don miya. Wanda ke damuna shi ne kisan banza, yaro ya harbo baiwar Allah da ko loma ɗaya ba ta kai ba, ya yar, manya na zaune ba mai cewa kul.

Addininmu bai bar wannan ba. A Suratul An'am Allah ya ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Hadisi ya zo da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wani hadisin ya nuna duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Mun haddace su tun muna Islamiyya. Sai ga shi idan mutum ya samu kuɗin gini, abu na farko shi ne ya sare itacen da ya tarar a filin, ya malale tsakar gida da siminti daga ƙofa har bayan gida, don kada ganye ya ɓata masa wuri. Sannan ya dawo yana kukan zafi. A bayan gari kuma masu gawayi na bin sauran.

Ku tambayi yaranku ko sun taɓa ganin ungulu. Da muna yara ba ka zuwa mahauta ba ka gan su jere a kan rumfa ba, har kora ake yi. Yau sai ka shekara ba ka ga ko ɗaya ba. Tun 2015 aka sa irin wadda muka saba gani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, kuma cikin dalilan akwai guba da masu sayen kanta da ƙafafunta don tsubbu. Ita ce ke share mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Ta tafi a gaban idonmu, ba wanda ya yi magana.

Ga wanda zai gwada, kada kaskon ya yi zurfi, gaɓar yatsa biyu ta isa. A sa shi a inuwa, nesa da inda kyanwa za ta laɓe. A riƙa zubar da ruwan jiya a wanke kullum, don sauro a ruwan da ya kwana biyu yake ƙwai, kada garin neman lada a jawo wa gida zazzaɓi. Mai kiwon kaji ya raba musu wurin sha, saboda murar tsuntsaye.

'Yata ƙarama ce yanzu ta karɓe aikin. Ita ke cika kaskon kafin ta tafi makaranta, kuma ta san tsuntsu bakwai da sunansu. Shekaranjiya da la'asar ta shigo da gudu tana cewa, "Baba, zo ka ga wani babba baƙi a kan tsamiyar masallaci, cikinsa fari!" Na fita na duba. Shamuwa ce, guda biyu, ɗaya da kara a baki. Daga kudancin Afirka suke tasowa su zo su yi sheƙa a nan idan damina ta matso. Na kira abokina na Argungu na ce ya fara gyaran gona.