Ƙanina mai shirin gini a Legas, kada kuɗinka ya riga aiki gaba

Assalamu alaikum. Da ku nake, ƙannena da abokan nema na Mile 12 da Agege da Alaba Rago da Idi-Araba, waɗanda Allah ya buɗa wa har suka mallaki ɗan fili a Ikorodu ko Badagry, ko suka tsallaka Mowe da Ibafo ta ɓangaren Ogun. Na san yadda aka tara kuɗin nan. Wani da dakon buhu ya fara, wani a kan babur cikin ruwan sama, wani shekara biyu ya yi yana zubin adashi. Shi ya sa raina ke ɓaci duk ranar da na wuce kangon da ciyawa ta cinye, aka ce min ai na ɗan Arewa ne, magini ya karɓi kuɗin ya yi layar zana.

Ni ma an yi min, shi ya sa nake magana. Da zan fara nawa a bayan Ikorodu, an haɗa ni da wani birkila ɗan garinmu. Sahu ɗaya muke sallah, na san yayyensa a gida. Ranar da muka yi jinga na ji nauyin in ce a rubuta, shi ma bai nema ba. Ya ce, "Yaya, ka ba ni kuɗin aikin har linta gaba ɗaya, in kama leburori, in ɗauki bulo kafin ya tashi." Na ba shi. Mako biyun farko aiki ya yi ta tafiya ba ji ba gani. Daga nan sai a zo yau, a yi kwana uku ba a leƙo ba. In na kira, gosulo ya riƙe shi a Ketu. In na sake kira, yaronsa ne ba lafiya. Sai daga baya na gano yana riƙe da aikin mutum biyu ban da nawa, kuma da kuɗina ya je ya toshe bakin wanda ya riga ya ci nasa. Babbar Sallah ta zo, ya hau mota ya yi Arewa, waya a kashe. Ginin ya tsaya a daidai taga har damina ta wuce a kansa, simintin da ya rage a rumfa kuwa ya sha sanyi ya zama dutse, ko buhu ɗaya ban mora ba.

Ban ce mutumin nan ɓarawo ba ne tun asali, kuma ina so ku fahimci wannan sosai, domin a nan maganin yake. Yawancin masu aikin hannu da ke ba mutane wahala ba da niyyar sata suke karɓar aiki ba. Ma'aikaci ba shi da albashi, yau akwai gobe babu, don haka duk aikin da ya zo ba ya iya cewa a'a. Ya karɓi kafin alƙalaminka ya biya kuɗin haya, ya karɓi na wani ya fara naka, ya karɓi na uku ya lallaɓa na biyu. To a cikin mutum ukun nan, wa zai fi zuwa wa aiki? Wanda har yanzu yake riƙe da ragowar kuɗinsa. Wanda ya biya duka kuwa, shi ne na ƙarshe a layi, domin babu sauran abin da za a je nema a wurinsa. Ranar da ka miƙa kuɗin gaba ɗaya, ranar ka mayar da kanka mai roƙo a kan dukiyarka.

Abin da ke jefa mu cikin wannan rami kunya ce. A baƙon gari irin Legas, da ka ji mutum ya yi maka Hausa sai zuciyarka ta kwanta, ka ga kamar neman takarda a wurinsa cin fuska ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma mutanen da aka fara yi wa umarnin sun fi mu amana nesa ba kusa ba. Rubutu ba zargi ba ne. Yana kare ka, yana kare shi, domin bayan wata uku kowa abin da ya yi masa daɗi yake tunawa. Takarda ɗaya ta isa: wane aiki za a yi, daga ina zuwa ina, nawa ne, wa zai kawo kaya, wa zai biya leburori da kuɗin ruwan aiki, yaushe za a gama, kuma in aka ɓata aiki wa zai ɗauki nauyin gyara. Ku sa hannu, mutum biyu su shaida, kowa ya ɗauki hotonta a waya. Wanda ya ji haushin takardar nan tun ranar farko ya riga ya gaya maka halinsa, ka yi masa godiya ka nemi wani. Kuma wannan bai bar kowa ba, Bahaushe ne, Bayarabe ne, ko 'yan Kwatano da Togo da ake yabo a aikin tayil da filasta. Kafin ka ba mutum aiki, je ka ga ginin da ya gama da idonka, ka keɓe da mai gidan ka tambaye shi yadda suka rabu. Hoton da zai nuna maka a waya ba shaida ba ne, kowa na iya ɗaukar gidan wani.

Biya kuwa, daki-daki. A gama fandisho a biya na fandisho, a kai linta a biya, a zuba dakin, wato kankaren saman gini, a biya, a yi rufi a biya. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai kawo shi wurin aiki ya ci abinci da yaransa na 'yan kwanaki. Ka kuma bar wani abu a hannunka, da saninsa tun ranar jinga, sai an yi ruwan sama mai ƙarfi a kan rufin ka ga bai yoyo ba. Ka riƙa turawa ta banki ko da a gabanka yake tsaye, domin saƙon banki ba ya mantuwa.

Sai maganar kaya, wadda a ganina ta fi guduwar ma'aikaci haɗari. Wanda ya gudu ka san ya gudu. Wanda ya rage maka siminti da rodi kuwa, ya binne cutar a cikin bango, ya shafe da filasta, kai da iyalinka ku kwana a ƙarƙashi. Tun da buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira dubu 10 a 2024, kowane buhu da ya fita ta bayan katanga kuɗi ne masu kauri. Kada ka haɗa wa mutum ɗaya aiki da sayayya. Ka je da kanka, ko ka tura wanda ba ruwansa da magini. Kasuwar Odunade da ke Coker tana nan don tayil da kayan famfo, Alaba International don kayan wuta, ka taya a shago uku kafin ka saya, ka karɓi rasit. Rodi tsawonsa mita 12 ne, amma kaurin ne wurin ha'inci: a rubuta maka mai milimita 16 a sauke mai 12, ko a kawo wanda sunansa 16 amma bai cika ba. Ɗan ma'aunin kaurin ƙarfe ba shi da tsada, ka saya ka sa a aljihu. Bulo ka ɗaga ɗaya daidai ƙirjinka ka sake shi. In ya watse kamar garin kwaki, yashi aka sayar maka, domin mai buga shi ya matse buhu ɗaya ya fitar da abin da ya kamata buhu biyu su fitar. Yashin ma ka tambayi inda tifa ta ɗebo shi. Legas gari ne na bakin teku, kuma yashi mai gishiri yana cin rodi a hankali daga ciki har kankare ya fara tsagewa.

Akwai ranakun da ba a wakilci. Ranar zuba fandisho da ranar zuba dakin, ka rufe shago. Na san cinikin yini guda a Mile 12 ba abin wasa ba ne, na kuma san wahalar hanyar Ikorodu, amma abin da za a yi maka cikin awa shida a ranar nan ba ya gyaruwa har abada. Ka isa kafin su fara, ka ƙirga rodin da aka shimfiɗa, ka duba tazararsu ta yi daidai da zane, ka ɗauki hoto. Haɗin da aka saba na kankare shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai in injiniya ya ce a ƙara ƙarfi. Ka tsaya kusa da inda ake kwaɓawa. Leburori na son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saukin ɗauka, kuma ruwan nan ƙarfin ginin yake cinyewa. Duk buhun da aka juye, a yaga shi a ajiye gefe, da yamma ku ƙirga tare. Bayan an zuba, aƙalla kwana 7 ana ba shi ruwa safe da yamma, kuma kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Kafinta zai zo da wuri yana son cire katako da gora saboda yana da wani aiki da zai kai su. Kada ka yarda, ka bar su mako uku ko yadda injiniya ya ce. Sauri ya haifi nawa.

Falamba da mai wayarin su ma aikinsu a ɓoye yake. Kafin a rufe bututu da filasta ko tayil, a toshe bakinsu a cika su da ruwa su kwana, da safe ka bi bango kana duba danshi. Wayar wuta ka kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ƙarƙashin jan, ba jan ƙarfe ba ne, fenti aka yi wa alminiyom, kuma irinta ce ke ɗaukar zafi ta tayar da gobara.

Wani zai ce ai ɗaki uku ne kawai, me zai kai ni wurin injiniya? Ɗan uwa, ƙasar Legas ba ta Kano ba ce. A wurare da yawa fadama ce aka cike, ka haƙa ƙafa uku ruwa ya tsattsafo. Birkilan da ya ƙware a tudu zai iya yi maka fandishon da ya saba da zuciya ɗaya, bayan damina biyu gida ya fara nutsewa ta gefe guda. In bene kake nufi, ko kana da niyyar ɗora shi nan gaba, gwajin ƙasa da zanen injiniya ba ado ba ne. Mun ga abin da ya faru a Ita-Faji a Maris na 2019, bene ya rufta da yara 'yan firamare a ciki. Mun ga mai hawa 21 na titin Gerrard a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamban 2021, sama da mutum 40 suka rasu har da mai ginin. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya kiyaye na gaba. Ka nemi izinin gini yadda doka ta ce, domin hukumar kula da gine-gine ta jihar Legas, LASBCA, tana rufe ginin da ba shi da takarda, kuma maginin da ya ce maka "bar ni da su" ba zai kasance a wurin ba ranar da aka shafa jan fenti a bangonka. Haka 'yan omo onile, masu cewa ƙasar ta kakanninsu ce, masu zuwa neman kuɗin fandisho da na rufi: jihar Legas ta yi doka a 2016 da ta haramta wannan, amma har yanzu suna zuwa, don haka ka san da wa za ka yi magana a unguwar tun kafin tifar farko ta sauke yashi, kada ka bar magini ya zama shi ne ɗan aike tsakaninku.

Yanzu bari in juyo kanmu, don adalci. Da yawa daga cikinmu mu ne muke koya wa ma'aikaci ha'inci. Mutum ya faɗi kuɗin aikinsa na gaskiya, ka yi ta murɗa shi har ya karɓi abin da kai ma ka san ba zai fitar da shi ba, to a ina kake zaton zai cike giɓin in ba a simintinka ba? Araha ba ta ado. Wani kuma an gama masa aiki lafiya, sai ya fara "zo gobe", ma'aikaci ya yi ta kashe kuɗin mota daga Agege zuwa Ikorodu yana bin haƙƙinsa, leburori na zaginsa a baya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wanda yake son a ji tsoron Allah a ginin sa, shi ma ya ji tsoronsa ranar biya. Kuma ka daina canza ra'ayi a tsakiyar aiki, yau a rushe nan a mayar da ƙofa can, sannan ka ƙi ƙara ko sisi. In kuɗinka na linta ne kawai, ka faɗa tun farko, a tsaya a linta cikin mutunci.

In kuwa abin ya riga ya faru, ya ci kuɗi ya daina zuwa, kada zafin zuciya ya sa ka tara samari ko ka kwashe kayan aikinsa, sai ka koma kai ne mai laifi. 'Yan sanda ma ba aikinsu ba ne karɓar bashi. Ka kira wani magini daban ya auna abin da aka yi, a ƙiyasta kuɗinsa a gaban shaidu, a san nawa ya rage a wuyansa. Ka fara da wanda ya haɗa ku, sannan shugaban ƙungiyarsu, sannan fadar Sarkin Hausawan yankinku in ɗan gida ne. In bai ji ba, gwamnatin Legas tana da cibiyar sasanta jama'a da ke zama kyauta, akwai kuma kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a 2018 a kotunan majistare, wadda ba dole sai da lauya ba. Duk inda ka je cikin waɗannan, abin da za a fara tambayarka shi ne takardar jinga da shaidar biya.

Ni ba ni da ko ɗaya a lokacin. Da birkilan nan nawa ya dawo bayan wata biyar, muka zauna a gaban manya, ya ce kuɗin da na ba shi na zuwa taga ne, na ce na linta ne, babu mai shaida sai Allah. Manya suka raba asarar biyu, na haƙura saboda zumuncin gida. Wanda ya ƙarasa min ginin wani dattijo ne Bayarabe, kuma ranar da na fito da takarda da biro, shi ya karɓa ya ƙara layi biyu da na manta: kuɗin ruwan aiki, da wanda zai kwana gadin siminti.