Gada daga ciki take fara ruɓewa

Duk ranar da cunkoso ya tsayar da ni a kan gadar kogin Kaduna, tirela ta wuce na ji gadar tana rawa, tambaya ɗaya ke zuwa raina: yaushe rabon da a duba cikin kankaren nan?

Jama'a, kankare ba ya nuna ciwonsa da wuri. Ruwan damina ke sulalewa ta 'yar tsaga har ya iske rodi. Rodi ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fi ƙarfen kauri, sai ta raba kankaren daga ciki, alhali sama kwalta ce sumul. Ranar da ka ga rodi tsirara, ɓarnar ta shekara da shekaru.

Abin da ke damuna shi ne ana iya gano wannan ba tare da an fasa ko'ina ba. Iyayenmu mata ba sa sayen tukunyar ƙasa sai sun ƙwanƙwasa ta sun ji amonta. Haka injiniyoyi suke yi: su ja sarƙa a kan kankare, ko su bi shi da guduma. Mai lafiya amonsa garau, wanda ya rabu kuwa sai ya amsa kamar ganga. Inda kwalta ta rufe, kunne ba ya wadatarwa, sai a tura na'urar rada tana leƙa zurfin rodi da wurin da laima ta kwanta, tamkar hoton ciki a asibiti. Akwai kuma kyamarar da ke ganin zafi, domin ɓangaren da ya rabu yana riga sauran ɗaukar zafi da hantsi. Rana dai ba mu rasa ta ba a Kaduna.

A 2018 gadar Morandi ta rufta a birnin Jenowa na Italiya, mutum 43 suka rasu, kuma tsatsar ƙarafan da kankare ya lulluɓe tana cikin abin da bincike ya bankaɗo.

Shi ya sa faci da fenti ba sa kwantar mini da hankali. Gadar Kawo da aka buɗe a 2022 sabuwa ce, yanzu ne ya kamata a auna ta a ajiye sakamakon, don a samu abin kwatantawa nan gaba. Tsofaffin da ke kan kogi kuwa, ina roƙon hukumomi su auna su bayan kowace damina, su faɗa mana abin da suka gani. Mu ne muke bi da 'ya'yanmu safe da yamma.