Viola ta ci ƙwallo, amma ina ƙawayenta?

Lokacin da aka saki fim ɗin She's the Man a Amurka, cikin watan Maris na 2006, masu sharhin fina-finai a jaridu ba su yi masa kallon arziki ba. Fiye da rabinsu kushe shi suka yi. An kashe masa kimanin dala miliyan 20, ya dawo da kimanin miliyan 57. Riba ce, amma ba ta a zo a gani ba. Sai ga shi 'yan kallo sun ƙi barinsa ya mutu. 'Yan matan da suka kalle shi suna sakandare yau sun zama iyaye, kuma har yanzu ana musu a kansa kamar jiya ya fito.

Ga wanda bai gani ba, labarin wata yarinya ce, Viola, mai son ƙwallon ƙafa kamar ranta. Makarantarsu, Cornwall, ta soke ƙungiyar 'yan mata. Ta nemi a gwada ta cikin ta maza, koci ya ce mata ba su kai maza gudu ko ƙarfi ba, saurayinta Justin, wanda shi ne golan ƙungiyar, ya goyi bayan kocin a gaban jama'a. Nan take ta rabu da shi. Ana cikin haka ɗan'uwanta Sebastian, wanda suke tagwaye, ya sulale zuwa Landan wajen harkar kiɗa na mako biyu, maimakon ya tafi sabuwar makarantar kwana da aka sa shi, Illyria. Sai Viola ta sa hular gashi, ta manna saje, ta tafi a matsayinsa, don ta shiga ƙungiyar Illyria ta kara da waɗanda suka raina ta. Daga nan lamari ya cakuɗe: ta kamu da son abokin ɗakinta Duke, shi Duke yana son Olivia, ita kuma Olivia ta mutu a kan wannan "Sebastian" da ba namiji ba.

Ƙorafin da na fi ji daga waɗanda fim ɗin bai burge ba shi ne, wai wa zai kalli Amanda Bynes, wadda ta fito a matsayin Viola, da kumatunta da ƙaramar muryarta ya ce namiji ce? Gaskiyarsu, ba ta yi kama ba. Amma ni ban ga laifi a nan ba, a nan ma daɗin yake. Labarin ba sabo ba ne, daga wasan Shakespeare aka ɗauko shi, Twelfth Night, wanda aka nuna a Landan tun 1602, kuma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da shi Hausa da sunan Daren Sha Biyu a 1971. A fim ɗin sunayen ma ba a canza ba: Viola, Sebastian, Olivia, Orsino (wato Duke), Illyria. A zamanin Shakespeare mata ba sa hawa dandali a Ingila, sai a 1660 aka fara barinsu. Ke nan yaro ne yake fitowa a matsayin Viola, yarinyar da take fitowa a matsayin yaro, kuma duk wanda ke zaune a wurin ya san haka. Ba a taɓa gina wasan a kan yaudarar mai kallo ba. An gina shi a kan mai kallo ya san abin da mutanen cikin labarin ba su sani ba, yana kallonsu suna ta faɗawa rami.

Shi ya sa wuraren da mutane suka fi tunawa su ne inda shigar ta kusa tonuwa. Viola na bin maza a titi tana kwaikwayon tafiyarsu. Ana hira sai tausayi ya kama ta, muryarta ta yi laushi, sai ta tuna ta yi gyaran murya ta daki kafaɗar na kusa da ita. Ƙwallo ta buge ta a inda namiji zai zube ƙasa, ta tsaya ƙyam, sai da ta ga kowa ya zuba mata ido sannan ta fara ihun ƙarya. Roger Ebert, wanda ya fi kowa suna a sharhin fim a Amurka a lokacin, ya ba shi tauraro 3 cikin 4, yana cewa bai yarda da labarin ba ko na daƙiƙa ɗaya, amma yarinyar ta shiga ransa. A wannan gaɓar ina tare da shi, ina tare da 'yan kallo.

Akwai ƙorafi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi a wurinmu, kuma ba zan yi masa riƙon sakainar kashi ba. Iyaye da yawa za su ce mace ta yi shigar maza abu ne da addini ya hana, ga hadisin Ibn Abbas a Bukhari, to me ya kai mu tafa wa wadda ta yi? Sannan fim ɗin yana da wuraren da ba zan bar ƙaramin yaro ya gani ba, musamman yadda tagwayen nan suka tabbatar da jinsinsu a tsakiyar fili, gaban dubban idanu, ta hanyar buɗe jiki. Wannan rashin kunya ne, kuma ban ga abin da ya ƙara wa labarin ba.

Sai dai ina roƙon masu wannan ra'ayi su koma minti goman farko. Viola ba ta tashi da sha'awar zama namiji ba. Ƙwallo take so ta buga, tare da 'yan'uwanta mata, a ƙungiyarsu ta mata, kuma tana yi har ranar da aka rufe ƙofar. Da an bar musu filinsu, da babu hular gashi, babu saje, babu kwana a ɗakin maza. Duk wanda shigar burtun ta ɓata wa rai, shi ya fi cancanta ya fara neman a ba 'yan mata wurin motsa jiki nasu, mai katanga, mai malama mace, da suturar da ta dace. Ba abu ne da ya gagara ba. Tun 2014 dokar ƙwallo ta duniya ta amince a buga da lulluɓin kai, kuma a gasar cin kofin duniya ta mata ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta shiga fili da hijabinta.

Masu kallon fina-finan Indiya sun san irin wannan labari a Dil Bole Hadippa na 2009, inda Rani Mukerji ta naɗa rawani ta manna gemu don ta samu buga wasan kurket. Ƙasa daban, wasa daban, amma ƙofa ɗaya ce aka rufe.

Inda na rabu da masoyan fim ɗin shi ne da suke kiransa nasarar mata. Na kalle shi da ɗiyar yayana, yarinya 'yar shekara 14 da ta tashi tana buga ƙwallon tsumma a lungu da yayyenta maza, har ranar da aka ce ta girma ta koma cikin gida. Muna kwance a tabarma, waya jingine da filo. Aka zo wasan ƙarshe. Asiri ya tonu, kocin Cornwall ya ce doka ta hana mace buga wasan, kocin Illyria, wanda tsohon ɗan ƙwallo Vinnie Jones ya fito a matsayinsa, ya ce su ba sa nuna bambanci. Viola ta buga fenariti, Justin ya kaɗe, Duke ya mayar mata da kai, ta zura a raga. Yarinyar nan ta miƙe zaune tana tafi. Da aka fara rubutun ƙarshe sai ta yi shiru, can ta juyo ta ce, "Gwaggo, to sauran ƙawayen nata fa? Su an dawo musu da ƙwallonsu?"

Ba a dawo musu ba. Fim ɗin bai sake waiwayar ƙungiyar da aka soke ba. Ƙawayen da suka taya ta ɗaure ƙarya, suka yi ta kai kawo don asirinta ya rufu, sun ƙare a cikin 'yan kallo suna yi mata tafi. Mace ɗaya ta shiga cikin maza saboda ta fita daban, kuma saboda ta dace da koci mai adalci. Wannan abin farin ciki ne ga Viola, amma ƙa'idar da ta kore su tana nan daram. Abin da fim ɗin ya koyar, ko bai yi niyya ba, shi ne sai yarinya ta doke namiji a filinsa sannan a yarda ta cancanci wasa. Wadda gudunta matsakaici ne, mai son ƙwallo don tana so kawai, babu wurinta a labarin. Yaro namiji kuwa ba a tambayarsa ya nuna shi gwani ne kafin a bar shi ya fita fili da yamma.

Irin wannan korar ta faru a zahiri, ba ga makaranta ɗaya ba. A 1921 hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyinta, a daidai lokacin da wasanninsu ke tara dubban mutane, kuma ba a ɗage haramcin ba sai 1971. Shekara 50. Abin da ya gyara lamarin ba mace ɗaya ce da ta ɓad da kama ba, buɗe filin aka yi ga kowa.

Wani abu kuma da yake damuna duk lokacin da na ji ana kyakyata dariya a kan fim ɗin: a 2018 Amanda Bynes ta shaida wa mujallar Paper cewa da ta ga kanta da gajeren gashi da saje a majigi, ta faɗa cikin matsananciyar damuwa ta wata 4 zuwa 6, don ba ta son yadda ta ga siffarta. Shekararta ba ta kai 20 ba lokacin da aka ɗauki fim ɗin. A hirar ta ce ita ta dage a ɗauki Channing Tatum a matsayin Duke lokacin ba a san shi ba. Shi daga nan tauraronsa ya yi ta haskawa. Ita kuwa ta bar fim bayan 2010, ta sha fama da rashin lafiya a idon duniya, jaridu na cin kasuwa da halin da ta shiga. Ba na cewa fim ɗin ne ya jawo mata duk wannan. Amma tun da na karanta maganarta, in na zo wurin da take tsaye gaban madubi ana gwada mata gashi iri-iri, dariyata ba ta fita kamar da.

Ɗiyar yayana ta nemi mu sake kallo washegari, muka sake. Makarantarsu tana da fili, da raga biyu da aka yi wa fenti bara, kuma ranar wasanni 'yan mata a gindin darbejiya suke zama suna riƙe wa maza jakunkuna. Na yi mata alkawarin zan tayar da maganar a taron iyaye da malamai na zango mai zuwa.