Mai jinin nan yana da rai kuwa?

Kun dai san aikina a ɗakin gwaji: auna bitamin A da E da karotinoyid (irin sinadaran da ke ba karas launinsa) a ruwan jini da na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadarai ta haska su, kowanne ya fito kamar tudu a layin allon kwamfuta. Su a mai suke narkewa, haske kuma lalata su yake yi, shi ya sa nake yini da labule a sake da fitila rawaya kamar jemage. Ka zuba itanol furotin ya dunƙule, ka zuba hekzen ya kwaso su ya hau sama, ka zuƙe na saman ka busar da iskar naitrojin. Abin da ke saura a gindin kwalba ɗan shafe ne, da ƙyar ido ke ganinsa.

Ranar da Farfesa zai kawo baƙi na busar, na jera, na fita amsa waya. Da na dawo na narkar na ɗora a na'ura, sai ga su sun shigo.

Na gyara farar riga, na nuna allon kwamfuta da biro. Na ce, “Ranka ya daɗe, a haske mai nanomita 325 retinol, wato bitamin A, zai fito, yanzu za ku ga tudu ya tashi.” Layi ya miƙe sambal. Na ce na'urar ce ba ta gama warwarewa ba, mu jira tokoferol, wato bitamin E, a 292. Muka jira. Ba wanda ya ce uffan, sai ƙarar famfon na'ura, tik, tik. Na koma 450 inda karotinoyid ke fitowa, na shiga bayanin yadda lutin da ziyazantin suke fitowa manne da juna a bututun rarrabewa na C18, sai na C30 ke raba su sosai. Bayani mai daɗi wallahi, ga layi kwance a bayana. Na ce bita-karotin dama shi ne ɗan auta, sai can ƙarshe. Har ƙarshen ya zo ya wuce, biro na hannuna a sama.

Farfesa ya sauke tabarau ya ce, “Malam, har retinil asitet ɗin da ka zuba da hannunka don awo, shi ma bai fito ba?” Wata baƙuwa ta matso, da gaskenta, ta ce, “Ƙasa da maikromol 0.70 a lita ake cewa ƙarancin bitamin A. Mai jinin nan yana da rai kuwa?” Har mai ɗaukar hoto sai da ya dafa bango don dariya.

Sai ga yaron da muke aiki tare daga baya, yana washe baki: “Yaya, ai na ga kwalabenka wayam, na wanke maka, na ɗauraye da asiton don su bushe da wuri, na mayar yadda ka jera.”

Wannan yaro! Shi ne fa ya taɓa sake jera akwatunan firizar nan mai sanyin 80 ƙasa da sifili bisa launin murfi, muka yi ta neman samfur yatsu na ƙandarewa. Shi ne ke yaye takardar alminiyon da nake naɗe kwalabe da ita, wai ta yamutse, ya ninke ta tsaf ya adana a durowarsa. Rannan ya yaye labule wai ɗakin na bukatar iska. Kuma ba ka isa ka yi masa faɗa ba, sai a ce ai yaron kirki ne, ga tsafta. Tsaftarsa ta dame shi!

Akwai ragowar ruwan jinin a firiza, zan sake tacewa. Takardar alminiyon ɗin dai har yau bai dawo min da ita ba, ya ce makullin durowar yake nema.